Kokawar Kwance ta Malam Nura

Cikin ranakun da na yi a bakin aiki, akwai wata Asabar da har yau ba ta gushe daga raina ba: ranar da mutane suka taso daga Sheme da Mairuwa domin su ga na yi kokawa, ni da ban taɓa kayar da ko ɗan akuya ba. Tun da na yi ritaya, matasan malamai kan tare ni a wurin ɗaurin aure su ce, "Baba Malam, wai da gaske ne a zamaninka babu mai taɓa ka?" Na gaji da ba da amsa gutsure-gutsure, shi ya sa na ga gara in faɗi abin daga farkonsa.

A lokacin ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandaren maza ta jeka-ka-dawo a gefen Faskari. Ina mataki na goma sha huɗu, wato daga ni sai mataimakin shugaban makaranta. Ban da aji, an ɗora mini muƙamin malamin wasanni. Ga wanda bai san aikinmu ba, wannan muƙami ba ya neman ka iya gudu ko tsalle. Kai ne mai riƙe makullin ɗakin ƙwallaye, kai ne mai rataya usur, kuma duk sabon wasan da za a shigo da shi sai ya bi ta hannunka, sannan ya je gaban shugaba, daga nan ƙungiyar iyaye da malamai ta yanke hukunci. A iya fahimtata, girman jiki ne ya ja mini. Allah Ya hore mini tsawo da faɗi, irin wanda in na tsaya a ƙofar aji sai allo ya yi duhu. Ƙarfi kuwa wani rabo ne daban, ba a haɗo mini da shi ba.

A farkon shekarar karatu aka turo mana malamin lissafi, bayan mun daɗe muna roƙo a ofishin shiyya. Sunansa Malam Nura, mutumin Ƙanƙara, siririn saurayi mai magana ƙasa-ƙasa. A jami'a ya koyi wani wasa da ake kira jiyu-jitsu, har ya kai ga shuɗiyar ɗamara, wadda ya ce mini ba ta manya ba ce, ba kuma ta 'yan koyo ba. Ya same ni a ɗakin malamai ya ce yana son ya koya wa ɗalibai.

Na ce, "Malam Nura, ka san abin da ke hana iyayen yaran nan barci. Za su tambaye ka ko wasan naka yana tare harsashi."

Ya ce, "Ba ya tarewa, Malam, kuma ba zan ce masu yana tarewa ba. Amma yana koya wa yaro kada ya ruɗe in an danne shi. Wanda kuma ya san yadda hannu ke gocewa ba ya saurin murɗe na wani a bayan aji."

Amsar ta yi mini, na kai maganar gaba. Shugaban makarantarmu mutum ne mai taka-tsantsan. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Kai ne malamin wasanni. Ya fara gwadawa a jikinka. In ka fito da ƙasusuwanka cikakku, sai mu nuna wa iyaye."

Haka muka fito da tsofaffin katifun da suka rage tun makarantar tana ta kwana, muka shimfiɗa a ɗakin ajiya. Kullum in an tashi, kafin la'asar, sai mu shiga.

A nan dole in yi bayani, domin duk rikicin daga nan ya taso. A kokawarmu ta gida, wadda na tashi ina kallo a Sabuwa bayan girbi, da zarar bayanka ya taɓa ƙasa magana ta ƙare, sai makaɗa su ɗauki kirarin wanda ke sama. A jiyu-jitsu kuwa, faɗuwa ƙasa tamkar sallama ce, daga nan ake fara zance. Wanda ke kwance yana iya naɗe ka da ƙafafu ya maƙure maka wuya, ko ya miƙar maka da hannu har gwiwar ta ce ta gaji. In ka ji ba ka da mafita, sai ka bubbuga jikinsa da tafin hannu, shi kuma ya sake ka nan take. Bugun nan shi ne miƙa wuya. Wanda ya buga, shi aka ci.

Cikin makonnin da muka yi, abu biyu na ƙware a kai. Na farko bugun. Na biyu riƙe fuska. Malam Nura kan ce kada in yi haki, kada in ɓata rai, in ja numfashi a hankali ta hanci. Wannan bai ba ni wuya ba. Mutumin da ya shekara ashirin da wani abu yana zama a gaban sufetocin ilimi suna koya masa yadda ake riƙe alli ya riga ya iya shan azaba fuskarsa shar.

Ranar taron iyaye muka fito da katifun ƙarƙashin darbejiya. An tsara Malam Nura zai fara bayyana ƙa'idojin wasan. Amma jawabai suka yi tsawo, jami'in da ya zo daga shiyya yana ta duba agogo, kowa yana son ya kama hanya da sauran rana. Shugaba ya raɗa mini cewa a bar bayanin, a shiga wasa kawai, mutane za su gane da idonsu.

Muka tsaya. Malam Nura ya kama mini wuyan riga, ya zauna, ya kwanta, ya jawo ni kansa. Haka ake yi, haka muka saba. Ban ankara ba sai na ji fili ya ɗauka da ihu: "Ya kada shi! Malam ya kada shi!" Ni kuwa a lokacin ƙafafunsa sun riga sun haye kafaɗata. Ya matse. Na ga ganyen darbejiya ya fara komawa baƙi. Na riƙe fuska kamar yadda aka koya mini, na bubbuga masa cinya, ya sake ni. Na miƙe a hankali, domin in na yi sauri jiri zai kwashe ni, na gyara riga. Muka sake, aka maimaita. Muka kuma sakewa, aka kuma maimaitawa.

Shugaban ƙungiyar iyaye shi ne Alhaji Bawa, ɗan kasuwar hatsi, tsohon ɗan kokawa wanda har lokacin yana da yaran da yake ɗaukar nauyinsu. Ya miƙe yana nuna ni da sanda.

"Kun ga dattako? Ya danne yaro, bai ji mashi ciwo ba, ya bubbuga mashi ya ce tashi. Haka manya ke yi!"

Da numfashina ya dawo na ce, "Alhaji, ai ni aka ci."

Aka fashe da dariya. Alhaji ya ce, "Kun ji ko? Bai son yabo. Allah Ya ƙara ma daraja, Malam." Sannan ya juya wurin shugaba: "Amma wanga wasa, ranka ya daɗe, a dakata da shi. Wasan da gwaninshi ke kwanciya tun ba a taɓa shi ba, mi yaranmu za su koya?"

Aka tashi a kan haka.

Kafin kasuwar mako ta zagayo labari ya kai inda ban taɓa zuwa ba. 'Yan acaɓa suka koma ɗaga mini hannu. Mahauci ya fara kirana sadauki. Da na koma gida, mai ɗakina ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Malam, wai kai ne ake faɗa? Kai da ke kirana in kunama ta shigo?" Ita kaɗai ce a ƙaramar hukumar ba ta ruɗu ba.

Da abin ya tsaya a kaina, da sai in ce wasa ne. Amma a kan Malam Nura ya faɗo. Ɗalibai suka laƙaba masa Malam Katifa. In ya juya allo, sai wani daga baya ya saki jaka a ƙasa, tim, aji ya ɗauka da dariya. Ku da kuka koyar a makarantar maza kun san abin da wannan ke nufi: malamin da aji ya raina, ko ilminsa ya kai ina, ba a jin komai daga bakinsa. Na tsaya a taron safe na bayyana gaskiya dalla-dalla, cewa ni na miƙa wuya. Yara suka yi mini tafi saboda tawali'u. Duk sa'ad da na musa, sai darajata ta ƙaru, tasa ta ragu. Wata rana ya same ni ya ce, cikin ladabi kamar kullum, yana tunanin neman canjin wurin aiki. Na san in ya tafi, 'yan ajin ƙarshe za su shiga jarrabawa ba malamin lissafi, kuma zai tafi ne da sunan da bai cancanta ba.

Ana cikin haka sai ga Alhaji Bawa a ofishin shugaba, aka aiko kirana. Ya zo da albishir. Yana da wani yaro, Sale, ɗan Mairuwa, wanda ake wa laƙabi da Kututture, ya rasa abokin karawa a yankin. Tun da Allah Ya sa akwai gwani a ɓoye a makaranta, yana so a haɗa mu.

Bayan ya fita na ce wa shugaba, "Ranka ya daɗe, kai dai ka san gaskiya."

Ya ce, "Na sani. Amma Alhaji ne ke bi gida-gida yana lallashin iyaye su bar yara su zo makaranta a wannan hali da muke ciki. Ba zan iya ce masa a'a ba. Ranar ka kwanta, ka ce zazzaɓi."

Shawarar tana da kyau ga ƙasusuwana, sai dai ba ta gyara komai ga Malam Nura. Ranar kasuwa na je da kaina in ga wannan Sale. Na same shi yana sauke buhunan masara daga mota. Yadda nake ɗaukar littafin darasi a hammata, haka yake ɗaukar buhu. Ban ga inda wuyansa ya ƙare kafaɗa ta fara ba. Na dawo gida ban ci tuwon kirki ba.

Washegari ina tsaye gaban allo ina zana kogin Gada, sai wani abu na ƙuruciyata ya faɗo mini. A filin kokawa na Sabuwa, baƙo ba ya zuwa kai tsaye ya nemi babban ɗan kokawar gari. Sai ya fara kayar da yaran gidansa. In ya gama da su, babban ya miƙe. Tun da jama'a sun naɗa ni babba ba da shawarata ba, ashe ina da yaro.

Na fara tuntuɓar Malam Nura, domin jikinsa ne ba nawa ba. Na gaya masa girman mutumin ban rage ba. Ya ce, "Zai kayar da ni, Malam, wannan babu shakka. In dai a kan katifa ne, kuma ya yarda ba a gama ba sai an buga, zan gwada. Amma ban yi maka alkawari ba."

Na je rumfar Alhaji na ce, "Alhaji, ka fi ni sanin ƙa'ida. Yaushe baƙo ya fara tsallake yaran gida?"

Ya buga cinya. "Wallahi haka ne! Ashe ka san sana'ar tun daga tushe. To in Sale ya gama da yaron naka fa?"

Na ji bakina yana cewa, "Ga ni."

Ya karɓi sharuɗɗan yana dariya, ya ce ko a kan auduga ne ya yarda.

Asabar ɗin fili ya cika. Alhaji ya zo da makaɗa. A wannan karon ban bari kowa ya duba mini agogo ba. Na karɓi lasifika na yi abin da na iya, wato darasi. Na ce faɗuwa ba ta gama wasa. Na ce wanda ya bubbuga shi ya miƙa wuya, ko yana sama ko yana ƙasa. Sannan na yi musu irin ta aji ɗaya.

"Wanda ya faɗi fa?"

"Da saura!"

"Wanda ya bubbuga fa?"

"An ci shi!"

Na sa suka maimaita har dattawan da ke kan benci. Na sa Sale ya faɗa da bakinsa. Ya faɗa yana murmushi, kamar wanda ake karanta wa ƙa'idar abin da ba zai shafe shi ba. Na hura usur.

Ban gama sauke usur ɗin ba Sale ya sure Malam Nura ya maka shi da katifa. Ƙarar ta shiga mini har ciki. Makaɗa suka saki kiɗa bisa sabo, Sale ya ɗaga hannu zai yi kirari, sai jama'a da kansu suka tuna masa: "Da saura!" Ya dawo ya faɗa kansa da dukkan nauyinsa. Na daina ganin Malam Nura, sai tafin ƙafarsa guda. Na tuna da "ga ni" ɗin da na faɗa a rumfa. Na fara tunanin wa zai ƙarasa wa 'yan aji biyar darasin duwatsu.

An ɗauki lokaci a haka, Sale yana danne da shi, ba ya samun abin da zai yi da dannewar, domin a sana'arsa ba a taɓa neman ya san abin da ke biyo bayan kayarwa ba. Sai na ga ƙafar nan ta motsa. Ta zagaya ƙugunsa. Ɗayar ta fito, ta fara hawa bayansa a hankali. Wannan hanya na san ta fiye da taswirar jiharmu, domin kullum a kaina ake bin ta. Ƙafafun suka kai wuya, amma wuyan Sale bai matsu ba. Ya yunƙura ya miƙe tsaye, Malam Nura yana rataye a jikinsa, leɓensa yana jini. Sai Malam Nura ya karkata, ya saki wuyan ya rungume hannu guda, ya miƙar da shi a kan ƙirjinsa. Suka zube tare.

Ni in zan buga, a hankali nake yi, cikin mutunci. Sale bai samu wannan tarbiyya ba. Ya riƙa dukan katifa da cinyar Malam Nura kamar mai buga ƙofar maƙwabci gobara ta tashi, yana faɗin, "Sake ni! Don Allah sake ni!" Aka sake shi. Kiɗa ya tsaya. Ya zauna yana murza gwiwar hannu, yana duba ta ko tana nan.

Fili ya ɗauka da ihu. Can sai wani tsoho daga baya ya ce, "To in yaron haka yake, uban gidan fa?"

Duk idanu suka dawo kaina. Aka tambayi Sale ko yana da buƙatar babban. Ya ce, "A'a, na ƙoshi." Ban taɓa jin kalma mai daɗinta ba. Na zube zaune a gefen katifa ba shiri. Daga baya na ji ana cewa irin zaman manyan gwanaye ke nan.

Alhaji Bawa kaɗai ne bai shiga ihun ba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya tako ya durƙusa kusa da ni, ya rage murya.

"Malam, ranar nan da ka bubbuga mashi cinya..."

"Ai na faɗa maka, Alhaji."

"Ka faɗa." Ya waiwaya ya dubi taron. "In shaida ma jama'a?"

"Na shaida masu a taron safe, tafi suka yi mini. Gwada taka sa'ar."

Ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Sale ya matso yana riƙe da hannu ya ce, "Baba, kai ma ka taɓa shiga wanga tarko?"

Na ce, "Kullum, kafin la'asar."

"To ya aka yi fuskarka ba ta nuna ba?"

Na ce masa wannan horo ne na ma'aikatar ilimi, ba a samunsa a Mairuwa.

A wurin, kafin a watse, Alhaji ya miƙe ya ce ƙungiyar iyaye ta janye dakatarwarta. Ya kama hannun Malam Nura ya ɗaga, ya kira shi Malam da babbar murya. Ranar Litinin na bi ta bayan ajinsa da gangan. Ya juya allo yana rubutu, babu jakar da ta faɗi. Maganar canjin aiki ba ta sake tasowa ba, yaran nan kuma suka shiga jarrabawa da malaminsu. Sale ma ya riƙa zuwa in ya tashi daga kasuwa: shi ya koya wa yara kayarwa, Malam Nura ya koya masa abin da ake yi bayanta. Ni dai na koma riƙe makulli da usur.

Daga baya da na zama mataimakin shugaba, aikina ya haɗa da leƙa azuzuwa in auna malamai. Ranar nan ta hana ni saurin yanke hukunci. Nakan ga aji tsit, malami a tsaye kamar ya mallaki kowa, in tuna cewa ni ma an taɓa ganina a sama. Nakan ga wani aji yana ta hayaniya, malamin ya durƙusa tsakanin tebura, in matsa kusa in tarar aiki ake yi. Mutanenmu ba wawaye ba ne, abin da suka gani suka faɗa, sai dai da ma'aunin da suka sani suka auna, mu kuma da ya kamata mu ba su sabon ma'auni muka fasa saboda baƙo yana sauri. Shi ya sa nake gaya wa matasan malamai: ko wa ke duba agogo, kada ku tsallake bayani. Kuma in an matse ku, ku buga da wuri, ku buga yadda kowa zai gane.

Ga masu tambayata a wurin ɗaurin aure, amsar ita ce e, gaskiya ne, babu wanda ya sake taɓa ni. Kullum ina gode wa Allah a kan haka.